Zan Bar Mubi: Tarihin Layin Da Ya Mai Da Ni Baƙo

Yau kwana tara ke nan ina ɗaure kaya. Littattafai na cika kwali shida, na raba huɗu ga ɗalibai, biyu zan tafi da su. Idan Allah ya kai mu ƙarshen zangon karatu zan ajiye alli, in koma Garwa a ƙasar Kamaru, garin da aka binne cibiyata, bayan kusan shekara talatin ina koyar da Faransanci a nan Mubi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wani yaro ɗan aji uku ya yi mini ranar da na gaya musu zan tafi. Ya ce, "Malam, dama kai ba ɗan ƙasa ba ne? To ai Hausarka irin tamu ce." Na yi dariya na ce masa ya zauna. Amma da na koma gida tambayar ta hana ni barci, domin kuwa amsarta ta fi ƙarfin minti arba'in na darasi. Ga ta nan, gwargwadon abin da na karanta da abin da na ji daga bakin manya.

Kakana Bakano ne, bafatake, yana safarar kanwa da tufafi zuwa ƙasar Adamawa. A zamanin iyayensa babu wata iyaka tsakanin Mubi da Garwa. Duk ƙasar Fombina ce, wadda Modibbo Adama ya kafa bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma kafa Yola a 1841. Mai jaki zai tashi daga Yola ya bi ta Garwa har Marwa, ba wanda zai tambaye shi takarda.

Turawa ne suka fara ja layi. A yarjejeniyar 1893 Ingila ta riƙe Yola, Jamus kuma ta kwashe mafi yawan ƙasar da Yola ke mulka, har da Mubi da Garwa. Wato an bar kai a gida ɗaya, gangar jiki a wani gidan. Lamiɗo Zubairu bai yarda ba. Ingilishi suka ci Yola a watan Satumba na 1901, ya fita ya gwabza da Jamusawa a kusa da Garwa, sannan a Marwa a farkon 1902, aka kashe shi a 1903. To ka ga a wancan layi na farko, ni da yaron nan da ya yi mini tambaya 'yan ƙasa ɗaya ne, ƙasar Kamaru ta Jamus. Mutumin Yola shi ne baƙonmu.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sake rabon. Sojojin Ingila da na Faransa suka karɓe Garwa daga Jamusawa a watan Yuni na 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a Fabrairun 1916. A 1919 wasu ministoci biyu, Milner na Ingila da Simon na Faransa, suka sa hannu a takardar da ta tsaga Kamaru gida biyu. Faransa ta ɗauki babban kaso har da Garwa. Ingila ta samu wani siririn yanki da ya bi gefen Nijeriya, Mubi na ciki. Daga 1922 aka ce riƙon amana ne, daga 1946 kuma amanar ta koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A takarda Mubi ba Nijeriya ba ce, amma daga Yola ake mulkinta a matsayin wani ɓangare na Lardin Adamawa.

Wannan layi na biyu shi ne ya ratsa tsakar gidanmu. Kakana ya bar 'ya'ya maza biyu. Mahaifina ya zauna a Garwa, ƙanensa ya biyo kasuwa ya yi aure a Mubi. Ɗaya yana biyan haraji ga Bafaranshe, ɗaya ga Bature ɗan Ingila, amma duk sallah suna ziyartar juna kamar ba abin da ya faru.

Da 'yancin kai ya matso, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a tambayi mutane. A watan Nuwamba na 1959 aka yi ƙuri'ar raba-gardama ta farko a Arewacin Kamaru: a shiga Nijeriya yanzu, ko a jinkirta? Mutum 70,546 suka ce a jinkirta, 42,788 suka ce a shiga. Abin ya girgiza Kaduna ƙwarai. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Mutanen duwatsu, irin su Fali da Gude da Higi da Margi, sun gaji da hakiman da ake naɗo musu daga Yola, kuma tsofaffinsu ba su manta da zamanin farautar bayi ba. Hamman Yaji na Madagali da kansa ya sa an rubuta hare-harensa a littafin da ya ajiye daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi. Wanda aka kama uwarsa ba ya bukatar a karanta masa littafin.

Sardauna Ahmadu Bello ya gane saƙon. Aka raba hukumomin En'e na yankin da Yola, aka yi alkawarin lardi mai zaman kansa. Daga Oktoban 1960, lokacin da Nijeriya ta samu 'yanci, Mubi ta zama hedkwatar wannan yanki na amana, da nata kantoman, Sir Percy Wyn-Harris. A Fabrairun 1961 aka sake ƙuri'a, wannan karon tambaya biyu kawai: Nijeriya ko Kamaru. Nijeriya ta samu 146,296, Kamaru 97,659. Wani abin da ɗalibaina mata ke mamaki idan na faɗa musu shi ne, kakanninsu mata sun jefa ƙuri'a a wannan rana, alhali matan sauran Arewa sai a shekarun 1970 suka samu wannan dama. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shiga Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ce babban birninsa.

A Garwa kuwa makoki aka yi. Shugaba Ahmadu Ahidjo, wanda shi ma haifaffen Garwa ne, ya ayyana ranar a matsayin ranar juyayi ta ƙasa, ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, kotu ta ƙi yanke hukunci a kan batun a Disamban 1963. Baffana ya gaya mini cewa Nijeriya ya zaɓa, saboda rumfarsa da kuɗinsa duk na nan ne. Mahaifina ya yi shekara biyu bai taka Mubi ba don fushi. Daga baya suna tuna abin suna dariya, amma ni da aka haifa bayan haka na tashi da takardar wata ƙasa, 'ya'yan baffana da ta wata.

Yadda na zo kuwa, yunwa ce ta koro ni, ba zan ɓoye ba. A 1993 gwamnatin Kamaru ta zabge albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Ana cikin haka Janar Abacha ya bayyana a 1996 cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, makarantu suka shiga neman malamai. Na iso a 1997 da jaka ɗaya, na sauka a zauren baffana, da niyyar in yi shekara biyu. Sabo turken wawa. Na zo garin yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, a gabana aka buɗe Jami'ar Jihar Adamawa a 2002. Na yi aure a nan, na haifi 'ya'ya biyar, na binne ɗaya.

Ranar da na fi tuna layin nan ita ce 29 ga Oktoba 2014, ranar da Boko Haram suka shigo Mubi har suka canza mata suna. Muka fita da abin da ke jikinmu, muka nufi duwatsu ta wajen Sahuda. Da muka tsallaka, sai abu ya juye. Ni da na yi shekara goma sha bakwai ina sabunta katin zama na baƙi, ni ne ɗan ƙasa. Maƙwabtana, har da mai unguwarmu, su ne baƙi. Ni na tsaya gaban jandarmomi ina magana da Faransancin da yara ke gudun darasinsa. Mutum goma sha ɗaya na kai gidan mahaifiyata a Garwa. Wani dattijo maƙwabcina ya kama hannuna a hanya ya ce, "Malam, ashe dai kowa baƙo ne, ranar ce ba ta zo masa ba." A tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba suka ƙwato garin. Da yawa sun ce mini in yi zamana tunda na samu kaina a gida. Na dawo, domin a lokacin ban ji Garwa ce gida ba.

To me ya sa yanzu? Abu biyu ne. Na farko, mahaifiyata ta tsufa, ido ya tafi, ni ne babba. Na biyu, lissafin da ya kawo ni ya juye. A wajen 2005 sefa dubu ba ta kai naira 300 ba, a 2024 ta haura naira 2,000. Abin da nake aika mata a wata ba ya sayen maganinta. Kuma makarantar da na ba ƙuruciyata, a kwantiragi ta riƙe ni tun farko, don haka babu fansho. Ban riƙe kowa a zuciya ba, da idona na sa hannu.

Abin da ya fi ciwo shi ne takarda. 'Ya'yana 'yan Nijeriya ne ta wajen uwarsu, tsarin mulkin 1999 ya ba su wannan. Amma tsarin mulkin nan ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba. Da na bi doguwar hanyar neman zama ɗan ƙasa kuwa, da na rasa Kamaru, domin dokarta ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Manyan 'ya'yana uku sun zaɓi nan. Autarmu da uwarta za su bi ni. Wato layin da ya raba mahaifina da ƙanensa ya dawo ya raba ni da 'ya'yana. Nakan tuna Ahidjo, wanda ya yi makokin rasa Mubi, shi kansa ya rasu a Dakar a 1989 aka binne shi a can, nesa da Garwa. Ina roƙon Allah ya sa in cika a inda za a samu masu yi mini sutura.

Jiya na kira yaron nan na ba shi taswirar da ta daɗe a bangon ajina. Na nuna masa Mubi, na nuna masa Garwa, na ce ya auna da yatsa. Ya ce, "Malam, ai ta fi Kano kusa." Na ce to idan ya gama makaranta ya zo ya gaishe ni, ya gwada Faransancinsa a kan jandarmomi.

Mutanen Mubi, kun ba ni masauki, kun ba ni mata, kun ba ni 'ya'yanku na koyar. Wanda na saɓa wa, musamman waɗanda suka sha bulala saboda aikin gida, ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa. Ga 'ya'yana uku nan na bar muku amana. Allah ya zaunar da garin nan lafiya, ya sada mu da alheri.

Wassalam.