Yadda Final Fantasy VII Da 'Yan Uwansa Suka Sha Wuya Kafin Su Iso Kwamfutarka

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau tarihi za mu taɓa. Akwai wasannin bidiyo da ake kira RPG, wato irin wanda za ka shiga rigar jarumi, ka tara abokan tafiya, ka bi labari mai tsawo da takubba da tsafi da dodanni, wani sai ka yi awa arba'in ba ka ga ƙarshensa ba. Japan ce ta fi shahara da su. Tambayar da nake so mu duba ita ce: me ya sa ɗauko wasan da aka yi shekara talatin da suka wuce a ɗora shi kan kwamfutar yau yake ba manyan kamfanoni wahala? Ai kwamfutar yau ta ninka waccan na'urar ƙarfi sau dubbai.

Amsar a taƙaice, an ɗinka wa kowane wasa rigarsa ne daidai jikin na'ura guda ɗaya. PlayStation ta farko ƙwaƙwalwar aikinta megabait 2 ce kacal. Chrono Trigger gaba ɗayansa megabait 4 ne a cikin kaset, kusan girman hoto ɗaya na wayar zamani. Masu rubuta wasan sun san kowane lungu na na'urar, da shi suke dabara. In ka cire wasan daga wannan jikin, sai an sake masa ɗinki. Kuma ba a sake ɗinki sai da asalin rubutun manhajar, wanda masu shirin suka rubuta da hannunsu kafin a mayar da shi abin da inji kaɗai ke karantawa. To a nan gizo ke saƙa.

Mu fara da Final Fantasy VII. Kamfanin Square ya fitar da shi a Japan ranar 31 ga Janairun 1997 a kan PlayStation, faifai uku. Ya yi kasuwar da ba a taɓa ganin RPG na Japan ya yi a Amurka da Turai ba. Sai aka ce a kai shi kwamfuta. Ofishin Square da ke Costa Mesa a jihar Kalifoniya ya yi aikin, kamfanin Eidos ya sayar da shi a tsakiyar 1998. Da ma'aikatan suka buɗe aikin, sai suka tarar ƙungiyoyi daban-daban ne suka gina sassan wasan a Japan, kowa da salonsa: fagen faɗa daban, taswirar duniya daban, yawo cikin gari daban. Sai da suka sake rubuta kusan kashi 80 cikin 100 na manhajar.

Wasan ya fito, amma da tabo. Kiɗan Nobuo Uematsu ya koma tsarin MIDI, wato daɗinsa ya danganta da irin katin sautin da ke cikin kwamfutarka. Hotunan garuruwa da ɗakuna kuwa an bar su a ƙaramin girman PlayStation, faɗin ɗigo 320, ga jaruman sun fito tas a kansu, sai ka ga kamar an manna mutum a jikin tsohon kalanda. Abin da zai ba ku mamaki, wannan aikin na 1998 shi ne tushen wanda aka sake sayarwa a 2012, aka sa a Steam a 2013, har ma na PlayStation 4 daga jikinsa aka ciro shi. Kun ga ɗan riƙo ya zama magajin gida ke nan.

Me ya sa? Domin a shekarun 1990 ba a ɗauki ajiye kayan aiki da muhimmanci ba. An gama wasa, an buga faifai, a share na'ura a shiga na gaba. A 2013 Tetsuya Nomura ya faɗa da bakinsa cewa asalin kayan Kingdom Hearts na farko, wanda ya fito a 2002, sun ɓace, sai da suka sake gina abubuwa da yawa kafin su fitar da sabon bugu. A 2019 kuma shugaban Square Enix na lokacin, Yosuke Matsuda, ya amsa wa mujallar Game Informer cewa akwai tsofaffin wasanninsu da ba su san inda asalin rubutunsu yake ba. Kamfani mai biliyoyi fa nake gaya muku.

To a lokacin da kamfanoni ke sakaci, su wa ke aiki? Masoya wasan. A 1997 aka fara sakin ZSNES da Snes9x, manhajojin da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi Super Nintendo. Irin wannan manhaja ita ce emuleta. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a PPSSPP a wayarsa ya riga ya yi amfani da ita, ko bai san sunan ba. Da wannan hanya wasu matasa da suka kira kansu RPGe suka fassara Final Fantasy V zuwa Turanci a 1998. Wasan ya fito tun 1992 amma Square ba ta kai shi wajen Japan ba sai 1999. Wato 'yan sa kai sun riga mai kaya.

Kamfanonin na'ura ba su ji daɗi ba. A 1999 wani kamfani mai suna Connectix ya fitar da Virtual Game Station, wadda ke buga faifan PlayStation a kwamfutar Mac. Sony ta maka shi kotu. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce nazarin yadda na'ura ke aiki domin a gina mai kwaikwayonta bai saɓa doka ba. Sony ba ta yi nasara a shari'ar ba, amma daga baya ta saye manhajar ta rufe ta. Wani kamfanin, Bleem, shi ma kuɗin shari'a ne suka durƙusar da shi a 2001. A lura dai, hukuncin kan emuleta ne. Kwafar wasan da ba ka saya ba magana ce daban, haƙƙin mai shi yana nan.

Da Steam ta bunƙasa, sai kamfanoni suka farga akwai kuɗi a tsohon kaya. Amma suka bi gajeriyar hanya: ɗauko bugun da aka yi wa wayar hannu a jefa shi kwamfuta. Haka aka yi wa Final Fantasy V da VI a 2015, aka goge zanen ɗige-ɗigen nan aka sa wasu 'yan mutane masu santsi kamar an wanke su da omo. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne Chrono Trigger. Wasa ne na 1995 da manya uku suka haɗu a kansa: Hironobu Sakaguchi mai Final Fantasy, Yuji Horii mai Dragon Quest, da Akira Toriyama mai zanen Dragon Ball. A Fabrairun 2018 ya faɗo Steam ba sanarwa, da manyan maɓallai irin na taɓa fuskar waya, da rubutu mara kyan gani, da zane dishi-dishi. Jama'a suka yi ca. Cikin 'yan watanni Square Enix ta saki gyare-gyare har biyar, ta dawo da zanen asali.

Akwai wani sirri a zanen nan da ya kamata ku sani. Masu zanen sun yi aikinsu ne don tsohuwar talabijin mai ƙeya. Ita wannan talabijin tana ɗan narkar da ɗigo cikin ɗigo, sai launi biyu su haɗu su ba da inuwa. Allon yau kuwa yana nuna kowane ɗigo da kaifinsa. Saboda haka ko an kwafo zanen daidai, abin da idonka zai gani ya bambanta da abin da yaron 1995 ya gani. Shi ya sa a Pixel Remaster, wato sabon bugun Final Fantasy na ɗaya zuwa na shida da aka fara saki a Yulin 2021 aka kammala a Fabrairun 2022, aka dawo da Kazuko Shibuya, matar da ta zana jaruman tun 1987, ta sake zana su don allon zamani. Uematsu kuma ya sa ido kan sabon kiɗan. Duk da haka mutane sun yi ƙorafin siririn rubutun da aka sa, wasu suka canza shi da kansu a ranar farko.

Ni a ganina darasin shi ne, wanda ya mallaki abu da wanda ya adana shi ba lallai su zama mutum ɗaya ba. Har gobe, in kana son Final Fantasy VII na asali ya yi kyau a kwamfuta, kayan masoya za ka nema, irin su 7th Heaven da Remako, wanda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa tsofaffin hotunan nan haske. Kuma waɗannan da muka lissafa masu sa'a ne, don suna da suna. A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 babu su a kasuwa a lokacin. Kaset yana lalacewa, batirin da ke riƙe ajiyar wasa a cikinsa yana mutuwa, faifai yana ruɓewa. Wanda ba a kwafe ba, in ya tafi ya tafi ke nan.

Saboda haka masu koyon rubuta manhaja a cikinku, da masu haɗa waƙa ko fim a waya, ku riƙe wannan: ku ajiye asalin aikinku a wuri fiye da ɗaya, ku rubuta bayanin yadda kuka yi shi. Square ma ba ta zaci za a nemi nata bayan shekara ashirin ba.

Wanne tsohon wasa kuke so a ce ya dawo? Ku faɗa mana, a tura wa abokai su ma su karanta. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.