Daga Sarkin Ƙofa zuwa Na'urar Yatsa

Ganuwar da ta sa aka kira Konni birni, don baƙo aka gina ta. A biranen Hausa, in rana ta faɗi sarkin ƙofa yakan rufe ƙyaure, kuma makaminsa na gaske sanin mutane ne: ya san fuska, ya san ɗan gidan wane ne. Sai dai magabata sun san raunin wannan tsari, shi ya sa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda aka sani ba a tambayarsa abin da ke cikin mangalarsa.

Da aka kafa kamfanin siminti a Malbaza, kusa da Konni, a shekarun 1960, aikin ƙofa ya koma hannun mai gadi da littafin shiga da fita. Wuri ne da tanderu ke kai zafin digiri 1,450, ga manyan motoci suna lodin buhuna. Wanda zai iya yi wa irin wannan wuri mummunar ɓarna shi ne wanda ya san inda makunnin yake. Shi kuwa katin aiki ana ara, sa hannu ana kwaikwaya. Dangwala yatsa, da wani jami'in Birtaniya mai suna Herschel ya fara amfani da irinta a Indiya a 1858, ta toshe wannan kafa. 'Yan Nijar sun ga na'urarta ido da ido a rajistar zaɓen 2020.

Masu son na'ura suna cewa ba ta karɓar na goro, ba ta jin kunyar suruki. Gaskiya ne, kuma duk masana'antar da ke da hali ya kamata ta sa ta. Amma tambaya ɗaya take amsawa: wane ne kai? Abin da ya kawo ka, babu ruwanta. Ma'aikacin da aka yaudara da kuɗi, yatsansa na jiya ne yau. Sannan siminti yana cinye zanen yatsun lebura har na'ura ta ƙi shi, sai mai gadi ya buɗe da hannu, a koma gidan jiya. Sarautar ƙofa kuwa ta koma ga wanda ke shigar da sunaye a kwamfuta. In ya bar sunan korarren ma'aikaci a ciki, ƙofa a buɗe take. Don haka wurare masu haɗari suke hana mutum ɗaya shiga shi kaɗai, suke kuma sa wani daban ya riƙa bin diddigin mai rajistar.