La'ada ko Rashawa? Bayani Kan Dokar Zinariya, Dillanci da Fitar da Kaya a Gana

Tun daga watan Afrilu na 2025, lokacin da sabuwar dokar cinikin zinariya ta fara aiki a ƙasar nan, tambayoyin da 'yan kasuwa suke kawowa zaurukan karatu a Zangon Kumasi sun canja. Da ana tambayar zakkar kaya da hukuncin bashi. Yanzu ana tambayar lasisi, da takardun da banki yake nema, da ko kamashon da aka ba wani don ya buɗe hanya halas ne. Mun tara bayanin a wuri ɗaya domin ɗalibai da limamai su samu abin komawa.

Abubuwa uku ne suka haɗu a nan. Akwai dokokin da suka taƙaita fitar da wasu kaya daga ƙasa. Akwai hukumomin da suke farautar cin hanci. Akwai kuma tsarin da kamfanoni suke kafawa a cikin gidansu don kada ma'aikaci ko wakili ya jawo musu tara. Duk ukun suna karo a kan mutum guda, wato dillali, wanda yake tsakanin mai kaya da mai saye, ko tsakanin kamfani da ofishin gwamnati. Mutanen Zango kuwa jikokin dillalai ne.

Maigida da baƙonsa

Lokacin fataucin goro, Bahaushen da ya taso daga Kano ko Katsina zuwa Gwanja ba ya shiga kasuwa kai tsaye. Yana sauka gidan maigida. Maigida ne zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, in cinikin na bashi ne kuma shi ne zai tsaya lamuni. Idan mai saye ya gudu, maigida ya biya. Saboda haka ba ya saukar da wanda bai san asalinsa ba, ba ya kuma haɗa baƙonsa da mai saye da bai yarda da shi ba. Har yau haka cinikin shanu da na albasa yake tafiya a Kumasi. Abin da banki yake yi idan ya tambaye ka sunan masu kamfani da inda kuɗi suka fito, shi ne abin da maigida yake yi da ido da kunne, sai dai banki yana son a rubuce.

Taƙaita ciniki ma tsohon abu ne a ƙasar nan. A yawancin ƙarni na 19 sarakunan Asante sun tsayar da fataken arewa a kasuwanni irin su Salaga, ba su bar su sun shiga dajin goro sun saya da kansu ba. Sai bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Turawa Kumasi ne Hausawa suka kwararo kudu da yawa. Dattawanmu kuma ba su manta da Nuwamba 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Gidaje da yawa a Zango sun yi asarar dukiyar shekaru a kan rashin takarda ɗaya.

La'adar dillali halas ce. Imamu Buhari ya buɗe babi a kan ladan dillanci, ya kawo sunayen manyan tabi'ai da ba su ga laifinsa ba. Sharaɗin shi ne a yi aiki na gaskiya, a san ladan, kuma wanda ake yi wa aikin ya san da shi.

Dokar zinariya ta 2025

Ranar 2 ga Afrilu 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya sa hannu a kan doka mai lamba 1140, wadda ta kafa Hukumar Zinariya ta Gana, GoldBod. Dokar ta mayar da hukumar ita kaɗai ce mai ikon saye, da gwadawa, da sayarwa, da fitar da zinariyar ƙananan masu haƙa. Tsofaffin lasisin da kamfanin PMMC ko minista ya bayar sun faɗi, ban da na manyan kamfanonin haƙar ma'adini. An ba baƙi 'yan ƙasashen waje wa'adi zuwa 30 ga Afrilu su fita daga cinikin cikin gida. Wanda yake son zinariya a cikinsu sai ya nema wajen hukumar. Ɗan ƙasa da yake son saye dole ya karɓi sabon lasisi, ya yi cinikin da sidi, ya kai abin da ya tara ga masu tarawa da hukumar ta amince da su. A ƙarshen wannan watan aka kama wasu 'yan Indiya uku a nan Kumasi bisa zargin cinikin zinariya ba bisa ƙa'ida ba, a watan Yuli kuma aka ƙaddamar da rundunar hukumar, aka yi alkawarin kashi 10 cikin 100 na ƙimar abin da aka kama ga wanda ya tsegunta.

Dalilin dokar fasa-ƙwauri ne. Ƙungiyar Swissaid ta ƙasar Suwizalan ta kwatanta abin da Gana ta rubuta ta fitar da abin da ƙasashen da suka saya suka rubuta sun karɓa, daga 2019 zuwa 2023, ta samu giɓin tan 229, kimanin dala biliyan 11.4, mafi yawansa ya nufi Dubai. Gwamnati ma tana da nata kason laifi, domin harajin kashi 3 da ta ɗora wa ɗanyar zinariya ya kori mutane zuwa ɓarauniyar hanya, har aka rage shi zuwa 1.5 a 2022, aka soke shi a 2025. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wasu suna cewa ƙasa ta Allah ce, zinariya ta wanda ya tono ce, don haka dokar zalunci ce. Wannan magana ba ta da ƙarfi a mazhabarmu. Mashahurin zance wajen Malikiyya shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, ko da an same su a filin da wani ya mallaka, shi ne yake ba wanda ya ga dama izni gwargwadon maslahar jama'a. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya zo da kwatankwacin haka a sashe na 257, inda ya ce ma'adinin da ke cikin ƙasa mallakar Jamhuriya ne, an damƙa shi amana a hannun shugaban ƙasa. Wanda ya ga farashin hukumar bai yi masa ba, ko lasisin ya yi tsada, yana da haƙƙin ya kai ƙorafi ta ƙungiyarsa ko ta ɗan majalisarsa. Amma wanda ya cusa zinariya a ƙarƙashin buhunan kaya ya nufi Paga ko Aflao ya haɗa saɓa wa doka da ƙarya a takardar kwastan, kuma da wuya ya ƙetare bai toshe bakin wani ba. Mu ƙara da wannan a gurguje: kuɗin da mai saye yake ba mai haƙa tun kafin a tono, a kan zai biya da zinariya daga baya, yana da matsala ta daban, domin musayar zinariya da kuɗi sai hannu da hannu.

Yadda kamasho yake zama rashawa

Shari'u biyu da aka yi a Landan sun nuna yadda manyan kamfanoni suke ɓoye cin hanci a bayan dillali, kuma duka biyun sun taɓa Gana.

A 2009 kamfanin gina gadoji na Ingila, Mabey & Johnson, ya amsa laifin ba jami'ai cin hanci a Gana da Jamaika, da kuma karya takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan Iraƙi. Tara da diyya sun haura fam miliyan 6. Ministoci biyu suka ajiye aiki a Gana a wannan shekarar.

Ta biyu ta fi girma. Ranar 31 ga Janairu 2020 kamfanin jiragen sama na Airbus ya yarda ya biya Faransa da Ingila da Amurka kimanin Yuro biliyan 3.6. Cikin abin da aka gabatar wa kotun Landan akwai sayar wa Gana jiragen soja uku samfurin C-295 tsakanin 2009 da 2015. Dillalin da kamfanin ya ɗauka ba shi da wata gogewa a harkar jirage, amma ɗan'uwa ne na kusa ga wani babban zaɓaɓɓen jami'i. An yi masa alkawarin kusan Yuro miliyan 5. Da binciken kamfanin ya gano dangantakar, maimakon a janye, sai aka bi da kuɗin ta wani kamfani a Sifaniya. Ɓangaren Amurka ya haɗa da karya dokar fitar da kayan yaƙi, wadda ta wajabta bayyana kamashon da aka biya. Adalci ya sa mu faɗi ƙarshen maganar a nan gida: a Agusta 2024 Mai Gabatar da Ƙara na Musamman, Kissi Agyebeng, ya ce jami'in da ake nufi Mahama ne, ya kuma ce bincikensa bai samu hujjar cewa an ba shi ko wani jami'i cin hanci ba, ya rufe fayil.

Laifin da aka tuhumi Airbus da shi a Ingila shi ne kasa hana cin hanci. Sashe na 7 na dokar Ingila ta 2010 ya ɗora wa kamfani laifin wakilinsa a ko'ina yake a duniya, sai in kamfanin ya nuna ya kafa isasshen tsarin rigakafi. Daga nan ne dogayen takardun tambayoyi suka samo asali. Ɗan Zangon da yake son zama wakilin kamfanin waje, ko ya sayar musu da kaɗanya ko kashu, za a tambaye shi su wa suka mallaki kamfaninsa, ko yana da ɗan'uwa a gwamnati, wane aiki zai yi, kuma wane asusu za a biya. Dokar kamfanoni ta Gana ta 2019 ma ta wajabta rubuta ainihin masu kamfani, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2020 kuma ta ɗora wa bankuna da masu cinikin ma'adinai masu daraja sanin abokan cinikinsu. Kada a ɗauki waɗannan tambayoyi cin fuska.

Ma'aunin da shari'a ta ba mu ya girmi waɗannan dokoki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkari, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da an ga ko kyautar za ta zo. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Tambayar ke nan da za a yi wa kowane kamasho: da ba don kujerar wane ba, da an biya wannan kuɗi? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin miyagun al'adun sarauta. Mu kuwa mun sa wa abin suna mai daɗi, muna cewa na goro.

Kuɗin hanya

Nan ne maganar ta fi zafi, domin direban da ya ɗauko albasa daga Galmi ko tumatir daga Burkina ya san shingaye nawa ne kafin ya iso Kumasi, kaya kuma suna ruɓewa. Jumhurun malamai sun yi sauƙi ga wanda aka tsare masa haƙƙinsa bisa zalunci, ba shi da wata mafita, cewa idan ya bayar zunubin yana kan mai karɓa. Amma sauƙin na wanda takardunsa suka cika ne. Wanda ya yi lodi fiye da ƙima, ko ya rage kuɗin kaya a takarda, ko ya ɗauko abin da aka hana fitarwa, ba haƙƙinsa yake karɓa ba, haƙƙin jama'a yake saye.

Dokar ƙasa kuma ba ta san wannan sauƙin ba. Gyaran da aka yi wa dokar laifuka a 2020 ya mayar da cin hancin ma'aikacin gwamnati babban laifi mai ɗaurin shekara 12 zuwa 25, kuma ya shafi mai bayarwa kamar yadda ya shafi mai karɓa. Dokar Ingila ma ba ta yafe ƙaramin kuɗin gaggauta aiki ba. Ta Amurka ce ta 1977 ta bar wata ƙaramar kafa. A Fabrairu 2025 Shugaba Trump ya dakatar da aiwatar da ita, a watan Yuni aka dawo da ita da ƙa'idoji masu sassauci. Wannan bai sauke komai daga wuyan ɗan kasuwar Gana ba, domin ofishin Mai Gabatar da Ƙara na Musamman, wanda dokar 2017 ta kafa, yana da ikon tuhumar ɗan kasuwa mai zaman kansa idan ya shiga cin hanci, hukumar EOCO kuma tana bin sawun kuɗin.

Jerin kayan da aka hana fitarwa yana canjawa da damina da siyasa. A Agusta 2024, da fari ya afka wa arewacin Gana, gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya. Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da babbar salla ta 2025, Nijeriya kuma ta dakatar da fitar da ɗanyar kaɗanya a Agustan wannan shekarar. Mai niyyar lodi ya tambayi kwastan na ƙasashen biyu kafin ya biya kuɗin mota, ya kuma rubuta yarjejeniyarsa da dillali: sunansa, aikin da zai yi, adadin la'adarsa, da sharaɗin cewa ko kwabo daga ciki ba zai shiga hannun ma'aikacin gwamnati ba. Biyan ya bi ta banki ko ta waya da sunan dillalin kansa, a ajiye rasit tare da takardar lasisi.