Me ya kashe su? Tarihin sunayen cututtuka da darasin Kano na 2020

Jama'a, duk wanda ke cikin birni a watan Afrilun 2020 bai manta ba. Kullum sai ka ji sanarwar rasuwa, masu haƙar kabari a Ɗandolo ba hutu, yawancin mamatan kuma dattawa ne. Allah Ya jiƙansu. Gwamnatin jiha ta fara cewa hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama sanadin korona. To ta yaya aka gano? Ta hanyar bin iyalai gida-gida ana tambayarsu yadda mamacin ya yi jinya, domin yawancinsu a gida suka rasu, babu takardar likita.

Abin da nake so mu duba shi ne, duniya ta daɗe da shirya hanyar rubuta irin wannan. A 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya tattara takardun mace-macen birnin ya lissafa abin da ke kashe mutane. A 1893 likitan Faransa Jacques Bertillon ya gabatar da jerin musabbaban mutuwa da ƙasashe suka riƙa ɗauka. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar jerin, wanda yau ake kira ICD. Bugu na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022.

Kowace cuta tana da lambarta. A bugu na 10, kwalara A00 ce, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani irin namu B50, korona kuma U07.1. Likita a Asibitin Murtala da likita a Alƙahira in suka rubuta lamba ɗaya, mai bincike ya san cuta ɗaya suke nufi, ko da ba sa jin yaren juna.

Ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗauki kalmar shawara. Je ka Kasuwar Kurmi ka ce kana neman maganin shawara, nan take za a ɗauko maka. Amma wacce? Ta jariri sabon haihuwa, wadda lambarta P59? Ko ciwon hanta, B16? Ko zazzaɓin da sauro ke yaɗawa mai sa ido rawaya, A95? Mu suna ɗaya muka ba su, alhali maganinsu da rigakafinsu daban-daban ne. Haka "sanyi", haka "daji". In ma'aikaci ya rubuta "shawara" kawai a rajista, mai bincike ba abin da zai tsinta.

Ni a ganina ba sai mun ƙirƙiro sabon tsari ba. ICD na nan kyauta a intanet. Ma'aikatar lafiya tana tattara alƙaluman asibitoci da manhajar DHIS2. Dokar yin rajistar haihuwa da mutuwa kuwa tun 1992 take, a hannun Hukumar Ƙidaya. Abin da ya rage shi ne likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da masana Hausa na Jami'ar Bayero su zauna su haɗa kalmominmu da lambobin nan, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci. Masu unguwanni kuma, da ba a jana'iza ba su sani ba, a ba su littafin rubuta suna da shekaru da alamun ciwo.

Muna gaggauta kai mamaci makwancinsa, kuma haka addini ya koyar. Rubuta abin da ya yi ajalinsa ba zai jinkirta sallar gawa ba, amma zai iya sa a gane annoba tun tana ɗaukar mutum goma. Allah Ya kare mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.