Daga Zalika zuwa Rahama: Rabon Mace a Sana'ar Fim



A shekarar 1966 Moustapha Alassane ya saka Zalika Souley a fim ɗinsa, ta shiga sahun matan farko da suka riƙi wannan sana'a a Nijar. Daga baya ta fito matar aure mai zafin kishi a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Yabo ya tafi ga darakta, ita kuwa ta sha zagi a titunan Yamai kan halin da wani ya rubuta mata.

Shekara 50 bayan fitowarta ta farko, a 2016, ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙa. Har yau galibi maza ke rubuta labari da ba da umarni, hukunci kuwa ya fi sauka kan mace. Kaɗan ne irin Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta riƙe alƙalami da kanta.

Mu da muke kallon finafinan Kano a gidajenmu, kafin mu zargi 'yar wasa, mu tambayi wanda ya rubuta. Allah Ya sa mu yi adalci, amin.