Kwalin makaroni cike da kaset: yadda tukunyar ɗalibi da waƙarsa suka zo inda suke

Rubutun nan yana da ɗan tsayi, ku yi haƙuri.

Daren Asabar ɗin da ta wuce mu huɗu ne a boskwatan gidan kawuna a GRA, nan Gombe, inda nake raɓe tun da na fara digiri na biyu. An ɗauke wuta, makaroni na kan risho, mai da yaji na gefe suna jira. Sai musu ya ɓarke: wane tsohon albam ne ya fi? Wannan ya ce Nura M. Inuwa, wancan ya ce ai in ana maganar Umar M. Shareef kowa ya yi shiru, na ukun ya kafe a kan Aminu Ala. Hayaniyarmu ce ta fito da Kawu. Ya saurara kaɗan, ya ce, "Yanzu waɗannan ne tsofaffin naku?" Ya koma ciki, ya dawo da wani tsohon kwalin makaroni ɗaure da igiya. Kaset ne fal: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Barmani Coge.

Muna ci yana ba mu labari, har ya ce a zamaninsu a ABU Zariya ba su san ɗalibi da tukunya ba. Maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na bi diddigi.

Mu fara da tukunyar. A shekarun 1970 ɗalibin jami'a tikiti yake yanka ya shiga kafteriya, sau uku a yini, gwamnati na biyan kaso mai yawa na kuɗin. A 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini. Wannan ƙarin ne ya haifar da zanga-zangar da aka sani da Ali Must Go, da sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a mulkin Obasanjo. Segun Okeowo ne ya jagoranci ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. An kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta janye tallafin abincin baki ɗaya. Tun daga nan risho da tukunya suka shiga jerin kayan komawa makaranta, gefe ɗaya da bokiti da katifa.

To me ya sa makaroni? Taliya dai ba baƙuwa ba ce a wajenmu. An daɗe ana noman alkama da rani a ƙasar Hausa, ita ake yin gurasa da alkaki da finkaso, kuma da yawanmu mun taso mun ga iyaye mata suna murza 'yar murji a ƙaramin injin hannu suna shanyawa a igiya. Ta leda ce ta zo daga baya. Kamfanin Flour Mills, mai Golden Penny, an kafa shi a 1960, kuma yawancin alkamar da kamfanoni irinsa ke niƙawa daga waje ake shigo da ita. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama don a noma ta gida, bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin. Indomie kuwa daga Indonesiya ta taso, ta shigo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun.

Abin da ya sa waɗannan suka ci kasuwar ɗalibai lissafi ne kawai. Wake sai ya sha kalanzir kafin ya nuna, tuwo yana neman miya da muciya, makaroni kuwa kafin ka idar da sallar isha'i ya dahu. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka kamfanin Kraft ya fito da makaroni na kwali haɗe da garin cuku a 1937, lokacin da talauci ya yi musu katutu, kuma har yau abincin ɗalibansu ne. Su cuku, mu manja da yaji da Maggi. Sai dai tunda alkamar ta waje ce, duk abin da ya taɓa dala ya taɓa tukunyarmu. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar naira a 2023 kowa ya ji su a farashin leda ɗaya.

Yanzu mu koma cikin kwalin. Kafin kaset, mai son jin Shata sai ya je inda ake wasa, ko ya jira gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, ko kuma gidansu na da garmaho da faifai, wanda ba kowa ke da shi ba. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma da rikoda mai batir ta yaɗu a Arewa sai komai ya canza. Direban mota, tela, mai shayi, ɗalibi, kowa ya mallaki waƙarsa. Wanda bai da kuɗin saye ya sayi kaset maras komai a ɗaukar masa. Kawu ya ce in batir ya yi sanyi da biro suke mayar da zaren baya.

Kaset ya koya wa mutane haƙurin saurare. Ba ka tsallake waƙa da ɗan yatsa, sai ka bi ta har gefen farko ya ƙare ka juya. Waƙa mai tsayi irin Bakandamiyar Shata a haka aka haddace ta. Jami'a ma ta san darajar abin: ABU ta ba Shata digirin girmamawa a 1988.

Namu zamanin ya biyo ta hanyar fim. Bayan Turmin Danya a 1990, da finafinai irin su Sangaya da Wasila, fiyano ya karɓe wurin kalangu a kunnen matasa. Aka koma CD, aka koma memori, aka koma wajen masu tura waƙa a bakin kasuwa, sannan Bluetooth da Xender. Jami'ar Jihar Gombe da aka kafa a 2004 da ta Tarayya da ke Kashere ta 2011 duk a wannan zamanin suka tashi, don haka yawancinmu ba mu taɓa riƙe albam a hannu ba. Abin da muke kira albam fayil ne a waya, wani lokaci ma da sunan shagon da ya tura a maimakon sunan mawaƙin.

Ga inda abin ya dame ni. Washegari muka samo rikoda muka gwada kaset ɗin Kawu. Wasu sun yi, muryar tana rawa amma ana ji. Wasu zaren ya manne, zafi da ƙura sun gama da su. Akwai guda ɗaya da aka rubuta wa sunan wani biki da biro, wasan da aka ɗauka kai tsaye a nan garin, ba na kamfani ba. Muna sakawa rikoda ta tauna shi. Kawu bai ce komai ba, ya karɓa ya mayar cikin kwali.

Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Shahararrun waƙoƙinsu suna YouTube, ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro su ne na biki da na sallah da na makaɗan ƙauye, waɗanda kwafi ɗaya ne tak a duniya, yana cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani. Makaroni in ya ƙare ka je shago. Wannan in ya tafi ya tafi. Namu ma ba su tsira ba: memori nawa ka yar tun daga sakandare?

Mu da muke yawon neman maudu'in bincike, ga shi a gidajenmu. In an yi hutu ka tambayi Baba ko Goggo ina kaset ɗinsu. Ka nemi rikoda mai aiki, ka ɗauka ko da wayarka ce, ka rubuta sunan mawaƙi da wuri da shekara in sun tuna, ka ajiye a wuri biyu. Mu mun fara, mun kwashe 11 zuwa yanzu. Asabar mai zuwa za mu ci gaba, duk mai rikoda a Gombe ya taimaka mana da aro. Makaroni a wuyana, amma kowa ya zo da cokalinsa.