Sabunta bashi na biyu a kan gidan haya a Amurka

A Amurka mutum kan jinginar da gida ɗaya sau biyu. Bashi na biyu shi ne wanda ake karɓa tun ba a gama biyan na farko ba, sabunta shi kuwa na nufin karɓar sabon rance domin biyan tsohon bisa wasu sharuɗɗa na dabam.

Idan biya ya gagara har aka yi gwanjon gidan, bankin farko ne ke fara ɗaukar haƙƙinsa. Na biyu sai abin da ya rage, in ma ya rage. Shi ya sa kuɗin ruwansa ya fi yawa.

Lamarin ya fi tsauri idan gidan na haya ne, domin bankuna na ganin wanda ya shiga matsi zai fara ceton gidan da iyalinsa ke ciki. Don haka sukan nemi shaidar kuɗin haya da ajiyar da za ta biya bashin na wasu watanni.

Wata dokar tarayya ta 1968 dai ta bai wa mai karɓar irin wannan rance kwana uku na janyewa bayan sa hannu, amma a kan gidan da yake zaune kaɗai. Gidan haya ba ya ciki.